Matar da Ta Hana a Toshe Giɓi

Kai da kake cewa halin igiyar ruwa sai wanda ya zauna a aji ya san shi, gyara zama in ba ka labarin wata mata ta garinmu, don ni duk inda aka zo maganar sani da ita nake tinƙaho. Garinmu na masunta ne a bakin babban tafki. Kowace damina iskar gabas takan taso da la'asar, ta koro igiyar ruwa zuwa kwata inda ake ɗaure jirage, su yi ta karo da juna har su tsage. Da abin ya ishi mutane sai maza suka yi gayya, suka jera katangar duwatsu a cikin ruwa, suka bar ƙofa ɗaya ta shiga da fita. A tunaninsu ruwan da ya shigo ta ƙofar zai wuce sak kamar akuyar da aka koro ta lungu, wanda duk ya raɓe a bayan katanga ya tsira. Don haka aka raba turakun ɗaure jirgi bisa girma, Sarkin Ruwa da dattawa a gindin katanga, sauran jama'a kowa inda ya samu. Ashe ruwa bai san da wannan rabo ba. Igiya tana kutsawa ta ƙofar sai ta buɗe kamar rabin faifai, ta lanƙwasa ta bi bayan katangar, ta iske jiragen manya a maɓoyarsu tana niƙa su da dutse. Aka ƙara wa katanga tsawo, aka ƙara mata kauri, ba ta sauya zani ba.

Matar nan mai bandar kifi ce. Mijinta ya rasu ya bar mata jirgi ɗaya tal, wanda take bai wa wani masunci suna raba kamu, kuma da shi take ci da 'ya'yanta. Murhun bandarta yana can saman gaɓa, saboda haka wuni take tana juya kifi tana kallon ruwa daga bisa. Wata rana ambaliya ta ture wani sashe na katangar, giɓi na biyu ya buɗe nesa kaɗan da ƙofar, maza suka sa Asabar ranar toshe shi. Ita kuwa a kwana ukun da suka rage kafin Asabar ɗin ta ga abin da ya tsaya mata a rai. Kowane giɓi yana fitar da nasa rabin faifan, su biyun su shiga juna. Inda tudun wannan igiya ya haɗu da tudun waccan, ruwa ya yi tsalle ninki biyu. Inda tudu ya faɗa cikin kwarin ɗaya kuwa, sai su cike juna ruwa ya kwanta. Wuraren kwanciyar nan suka miƙe daga katanga zuwa gaɓa kamar kunyoyin gona, wannan layi na hauka, na kusa da shi lumus. Ta sauko ta durƙusa gaban Sarkin Ruwa ta ce, "Ranka ya daɗe, a bar giɓin nan. Ruwan da ke shigowa ta can shi ke kashe na nan." Ya yi dariya ya ce, "Haba baiwar Allah, ƙofa ɗaya ta hana mu sakat, ke kuma kina roƙa mana ta biyu? Koma kan kifinki kada ya ƙone." Ta miƙe ta nufi kwata. Ta kwance jirginta daga gefe, ta sa aka kafa mata turke biyu, gaba da baya, a tsakiyar fili inda babu abin da ya kare shi, ta ɗaure shi a kan layin da idonta ya zaɓa. Kowa ya san in ta yi kuskure tukunyar gidanta ta sauka ke nan, har wasu suka ce rashin miji ne ya taɓa mata kai.

Ranar Juma'a da la'asar hadari ya haɗo, iska ta taso da ƙarfinta, gari ya fito bakin gaɓa kallon yadda jirgin marayu zai tarwatse. Dama da shi ruwa na tsalle, hagu da shi ruwa na tsalle, shi kuwa ɗan lilo kawai yake yi, ko ƙwaryar kwalfe ruwa da aka bari a kan mazauninsa ba ta faɗo ba. A gindin katanga jiragen dattawa biyu suka tsage. Wallahi ko yanzu na tuna sai in ji kaina ya yi girma. Sarkin Ruwa, da shekarunsa da sarautarsa, ya hau gaɓa da ƙafarsa har wajen murhunta, ya tsaya cikin hayaƙi idonsa na hawaye, ya duba ƙasa ya ga layukan ɓaro-ɓaro. Ba a fasa gayyar Asabar ba, sai dai ba a ɗora ko dutse ɗaya a giɓin ba. Turaku aka wuni ana tumɓukewa ana sake kafawa, tana tsaye a sama da itacen juya kifi tana nuna wa maza inda za su buga. In iska ta sauya hanya layukan sukan gusa, sai a hau a tambaye ta. Duk mazan nan a kan ruwan aka haife su, kuma kowanne da idonsa biyu garau. Gaskiyar Hausawa da suka ce hankali ke gani, ido gululu ne.