Akwatin Famfon Betso

Bankin hanyar kasuwa ba shi da rufi. Cocinsu ya koma bango huɗu da kujerun roba. An sare mangwaron tsakar gida, maƙwabta rabi ba su dawo daga gudun hijira ba. Mama kuma ta rame, ta koyi riƙe waya a hannu ko tana tuƙa tuwo.

Abin da Vandi ya tarar ke nan a Mubi, bayan shekarun da ya yi yana gyaran kwamfuta a Legas. Abin da bai tarar ba shi ne yayansa Ezekiya, mai haɗa wutar sola, wanda ya fita aiki ranar da 'yan bindiga suka shigo gari, bai dawo ba.

"Yana da rai," in ji Mama, ta miƙa masa wayar. Saƙonni ne jere daga wata baƙuwar lamba, duk magana ɗaya: "Ina aiki. Lapiya kalau."

"Dubi lafiyan. Tun firamare da p yake rubutawa, malamai sun doke shi sun gaji. Suna sa shi aiki ne a daji. In an yi hadari ba ya samun caji, sai ya yi shiru."

Vandi ya kira lambar. Tana shiga, ba a ɗauka.

Zaman gida ya ishe shi, sai ya karɓi aiki wajen Malam Gabdo, ɗan kwangilar gyaran famfunan ƙauye. A ƙauyen Betso akwai famfon sola da ya tsira daga ƙonewa, yana cika tanki shi kaɗai. A jikinsa akwai tsohon akwatin sarrafawa, haɗe da ƙaramar na'ura mai layin waya ta kebul ɗin siriyal, irin mai haƙora tara.

"Sabo za mu saka," in ji Gabdo. "Amma masu ba da aikin suna so su san me tsohon yake faɗa wa na'urar. Kai ɗan Legas, saurara mana."

Vandi ya sa kwamfutarsa a tsakanin su biyun. Saura manhajar da za ta ji hirar ta adana.

Ta farko da ya gwada kyauta ce. Ta nuna tarkacen alamomi, da ya rufe ta komai ya goge.

Ta biyu tana adanawa, amma mai kwaɗayi ce: ta kama ƙofar da saƙo ke bi ta riƙe, abin da akwatin ya faɗa ba ya wucewa zuwa na'urar. Bai lura ba. Ya bar ta tana aiki a ɗakin famfo ya koma gari. Kwanakin nan Mama ta daina cin abinci. Rana tana dukan kwanon rufi, ba ko gajimare, amma wayarta shiru.

"Ko sun gano shi ne, Vandi?"

Ya ce mata matsalar sabis ce.

Da ya koma Betso ya sa manhaja ta uku, wadda ba ta da kyan gani. Ba ta tare hanya, ba ta sa baki, ji kawai take yi ta rubuta. Ya gyara saurin karatunta har tarkacen ya zama haruffa. Da azahar tanki ya cika, ruwa ya fara zuba ta baki, layuka biyu na rubutu suka fito a allon kwamfutar.

Ya daɗe a tsugune, har matan da ke layin ɗiban ruwa suka fara tambaya ko famfon ya lalace ne.

"Baba Gabdo, a bar tsohon nan mana. Lafiyarsa lau."

"Ni ma umarni aka ba ni, ɗana. Jibi za a cire."

Da ya isa gida ya tarar Mama ta ci tuwo har ta ƙara. "Ya rubuto yau!"

Ranar da aka cire akwatin, Vandi ya roƙi abu ɗaya a cikin ƙaramar na'urar, Gabdo ya ba shi ba tare da tambaya ba. Da yamma ya fara ninke kaya. Mama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ba za ka jira ɗan'uwanka ba?"

"Aiki na kira, Mama."

A gida ɗaya da ita ba zai iya ɓoyewa ba, wata rana za ta kama shi. Ya zura ƙaramin layin wayar a aljihun jaka, yana tuna layuka biyun nan da ya gani a allo: lambar Mama, wadda Ezekiya ya saka don gwaji ranar da ya haɗa famfon, da saƙon da akwatin ke turawa duk sanda tanki ya cika. Daga yanzu shi zai riƙa turawa daga Legas, kuma kada ya manta, da p ake rubutawa.