Akuyar Likita

Sjoukje ta zura faifai a na'ura, ta gyara tabarau, ta zauna kusa da mijinta ta wajen kunnensa mai lafiya.

Mijin nata, Wiebe Tolsma, ya tsufa yana rubuta sharhin fina-finai a wata jarida ta birnin Leeuwarden. Bara ciwon suga ya tafi da ganinsa, ya ajiye alƙalami, ya koma zaman kujera, magana ma sai an matsa masa. Ana nan editar jaridar, Marloes, ta bugo waya, ta ce suna so ya sake bin fina-finan shekaru goman da suka wuce, ya jera musu waɗanda suka fi kyau. Wiebe ya ce makaho ba ya kallo. Sjoukje ta karɓe wayar ta ce zai yi.

Haka suka kama aiki. Kullum bayan abincin rana, ruwan sama na dukan taga, kofi na huci a gefe, ita ke gaya masa abin da ke kan allo. In fim ɗin na wani harshe ne, sai ta riƙa karanta masa fassarar da ke fitowa a ƙasa. Da yawa daga waɗanda ya yi wa kirari a da, yanzu ya ji su lami. Yakan ɗaga hannu tun ba a yi nisa ba ya ce, "Cire shi, tsohuwa. Ban san abin da na sha ba ranar da na yabi wannan."

Ran nan ta lalubo wani faifai a ƙasan kwali, fim ɗin ƙasar Hangare mai suna Akuyar Likita. Wiebe ya tuna shi. A lokacinsa ya rubuta cewa awa biyu ce ta mutane suna zura wa akuya ido, kuma gaskiya rabinsa barci ya yi a silima. Ya ce ta sa, ko ya samu na dariya.

Fim ya fara, likita ya yi magana, matarsa ta amsa. Sjoukje ta shiga latse-latsen maɓallai.

"Me suka ce?" in ji Wiebe.

Ta dube shi, ta dubi allo, ta yi gyaran murya. "Ta ce masa, duk gidan nan akuya ce kaɗai ba ta katse ni in ina magana."

Wiebe ya yi dariya har da tari. Rabon da a ji dariyarsa a gidan tun kafin asibiti. Daga nan labari ya miƙe: likita mai ji da kai, ya san ciwon kowa a ƙauye, bai san abin da ke cin matarsa ba, ita kuwa akuya take kai wa ƙara. Wajen ƙarshe matar ta ce, "Ban taɓa so ka zama wani ba, so nake ka juyo in na shigo ɗaki." Fim ya ƙare. Wiebe ya ce wannan fim ɗin shi ne na ɗaya a jerin.

Sjoukje ta ce ya dai sake tunani, akwai manya a gabansa. Ya ce to a sake kallo. Ta ce kanta na ciwo. Washegari ta ce na'ura ta yi zafi. Duk da haka ya shifta mata sharhi ta buga, ya janye tsohuwar maganarsa a bainar jama'a, ya kawo kalaman matar likita kamar yadda ya ji su.

Bayan kwana biyu Marloes ta kira. Ta ce sharhin ya karɓu, mutane sai tambaya suke, amma ita ta nemo fim ɗin ta kalla, ba ta ga waɗannan kalamai ba. A nata, rigimar gadon gona ake yi.

"Fassararku ce ta banza," in ji Wiebe. "Tawa ce ta asali. A tara mutane a nuna musu faifaina."

Ƙaramin gidan siliman da ke bakin ruwa ya amsa, aka sa ranar Lahadi da la'asar. Da safe Sjoukje ta ce ta nemi faifan sama da ƙasa ba ta gani ba. Wiebe ya shafa aljihun kwat ɗinsa ya ce kada ta damu, tun jiya yana nan.

Zaure ya cika, kekuna sun yi layi a waje. Wiebe ya tashi ya yi jawabi, ya ce su kasa kunne ga maganar farko ta matar likita. Aka kashe fitilu. Likita ya yi magana, matarsa ta amsa, ba wanda ya yi dariya. Aka soma ƙus-ƙus. Wiebe ya zunguri matarsa ya ce ta karanta masa.

Can mai kula da na'ura ya lallaɓo ya durƙusa kusa da kujerarsa, ya ce, "Baba, ko kuna da wani faifan? Na duba ko'ina."

Faifan nan babu fassara a kansa ko layi guda, Sjoukje kuwa a harshen Hangare ko "zo in kashe ki" ba ta ji.