Goron Baba Tanimu

Tun da aka kafa dokar, kujerar mota ke auna direba. In ta ce ya tsufa, motar ba za ta ƙara tasar masa ba. Kujerar Baba Tanimu ta ce bayansa ya ranƙwafa.

Ya miƙe ƙyam a garejina. "Kande, 'yata, dube ni! Shekara arba'in ina hanyar Gusau, ko akuya ban taɓa bugewa ba."

Na'urar gwaji ta ce kujera lafiya lau. Ni kuwa hannuna na fi yarda da shi. Na zura shi ƙarƙashi, na jawo jiƙaƙƙen tsumman da yake naɗe goro. Danshinsa ne ya ci wayar lantarkin kujerar.

Na kankare tsatsar, mota ta tashi.

Ya ja ta yana dariya, amma har ya sha kwana ban ga ya jingina da kujerar ba.