Karena Mai Jin Magana

Ni dai ina da ɗan son a yaba mini. Shi ya sa na tara maƙwabta su ga yadda ake horar da kare.

"Zauna!" na daka tsawa. Nan take karena ya zauna.

"Kun gani? Muryar namiji yake ji." Na harari maƙwabcina tela, wanda nasa karen ko sunansa bai sani ba. "Kai kam, malam, ka koma kiwon kaji."

Washegari na kai karena rigakafi, ina ta ba likitan dabbobi labari. Likita ya tafa hannu a bayan karen. Ko kunne bai motsa ba.

"Wa ke tsayawa bayanka in kana tsawar?"

"Matata."

"To, hannunta yake kallo. Karen nan kurma ne."