Mabuɗin Lemo a Keken Baba

Ina 'yar firamare, wata rana da la'asar, Baba ya goya ni a keke zuwa gonar tumatirinsa a Kadawa. A bakin kanal ya miƙo mini kwalbar lemo. Na kai haƙori, murfin ya tsaga mini leɓe. Bai yi faɗa ba. Ya lanƙwasa wani guntun ƙarfe a kan dutse, ya ɗaure shi da waya ƙarƙashin sirdi, ya buɗe mini kwalbar.

"Uwata, haƙori ba ƙarfe ba ne. Ga naki nan."

Jiya mota ta buge shi a hanyar Zariya, har yanzu bai farfaɗo ba. Keken na jingine a zaure, na kasa taɓa shi. Ya Allah, ka tashi kafaɗarsa.