Yakuwar Ɗakin Inna

Tun da zafi ya kora Kanawa zuwa gidajen ƙarƙashin ƙasa, doka ta wajabta wa kowane ɗaki tukunyar yakuwa. Idan iskar ɗaki ta gurɓata, ganyenta ke fara nunawa, sai a kwashe mutanen zuwa sansani.

Ranar Laraba Barira ta ga tasu ta yi rawaya, furanninta na zubewa tun ba su buɗe ba. Ga mahaifiyarta kwance a ɗakin, ko zama ba ta iyawa. Barira ta lulluɓe tukunyar da mayafi, ta nufi ofishin Malam Sabi'u mai duba tsirrai.

Ya tura yatsa cikin ƙasar, ya juya ganyen ɗaya bayan ɗaya.

"Ruwa bai yi mata yawa ba, kuma babu ƙwari," in ji shi.

"Malam, don Allah sake dubawa. Ko ƙwaro ɗaya ne."

"Na duba, 'yata. Je ki fara haɗa kayan Inna."

Da za ta fita, hannunta ya gogi yakuwar ofishin, koriya shar. Ta tsaya, ta murza ganyen. Na roba ne. Malam Sabi'u ya kawar da kai, ya kira na gaba.