Latas Ɗin da Wilson Ya Mayar

Wilson yana tafe a gefen titin Unguwar Boro da baƙar leda a hannu, amma hankalinsa ba ya Kaduna. Yana can ƙauyensu kusa da Zonkwa, a lambun marigayi babansa, inda ruwan rafi ke ratsa shuka a hankali, ganye kuma na sheƙi da raɓa. Haka yake kullum. Kafinta ne, amma ko katako yake gogewa sai ya ga kansa ya sayi ɗan fili a Gonin Gora, ya haƙa rijiya, 'yarsa Hadassah tana tsinkar tumatir tana tarawa a siket ɗinta.

Latas ne a cikin ledar. Jiya da yamma ya sayo shi a kantin kayan miya na Madam Theresa. Da safe matarsa Judith ta kwance ledar, sai ta kau da kai.

"Baban Hadassah, shinshina ka ji. Wannan latas ne ko ɗakin da aka fesa wa fiya-fiya?"

"Ki wanke shi da gishiri mana."

"Na wanke har hannuna ya yi sanyi. Kai da kake mafarkin lambu, ko hancin naka ma ya tafi ƙauye ne? Mayar musu da abinsu."

Ya iske Madam Theresa tana jera kaya. Tana ganinsa ta washe baki.

"Oga Wilson, kwastomana! Lafiya da sassafe haka?"

Ya miƙa mata ledar. Ta shinshina, ta dafa kai.

"Ayya, laifina ne. Jiya na fesa magani saboda kyankyasai, na manta ban rufe kaya ba. Yi haƙuri, Oga, kada Madam ɗinka ta yi fushi da ni."

Ta jawo sabon kwando da aka sauke daga mota a lokacin, ta zaɓo masa manya-manya. Ganyen da sanyinsa, saiwarsa da danshin ƙasa. Wilson ya kai shi hanci, ya lumshe ido, nan take ya koma bakin rafin nan, har yana jin kukan tsuntsayen da ke sauka a kan bishiyar gwaiba.

Da ya buɗe ido, sai ya ga Madam Theresa ta juye latas ɗin da ya maido a cikin baho, ta haɗa da sauran na jiya, tana yayyafa masa ruwa.

"Wannan fa, Madam?"

"Masu abinci za su kwashe da sauƙi. In an zuba mai da yaji, wa zai ji wani wari?"

Magana ta zo masa har bakin harshe. Sai ya tuna an canja masa nasa ba tare da faɗa ba, matar kuma kullum da fara'a take gaishe shi. Me zai sa ya ɓata mata safiya? Ya yi godiya, ya kama hanyar gida yana lissafin inda zai dasa gwanda a filin da bai saya ba tukuna.

Rana ta take, yana shago yana buga ƙusa, wayarsa ta yi ƙara. Judith ce.

"Ka zo asibiti yanzu! Hadassah da 'yan ajinsu suna ta amai, bakinta har kumfa yake yi."

Bai san yadda aka yi ya isa ba. A ƙofar ɗakin da aka kwantar da yaran ya tarar da Maman Hope, mai sayar da shinkafa da wake a bakin makarantar su Hadassah, zaune a ƙasa, ɗankwalinta ya zame, tana kuka.

"Allah ya sani ban sa komai ba," take cewa ga duk wanda ya wuce. "Shinkafa tawa ce, wake nawa ne. Latas kawai na saya yau wurin Madam Theresa. Ta ce na jiya ne, shi ya sa ta rage mini."

Wilson ya ji kamar bango da mutane sun ja da baya sun bar shi shi kaɗai. Ya shiga yana dafa gadaje. Hadassah na kwance ana ƙara mata ruwa, ta ƙanƙance kamar ba ita ce ta fita da gudu da safe ba. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Baba, ni na ce a ƙara mini ganye. Mama ta ce yana sa ido ya yi haske."

Sauran yaran kaɗan suka ci, an sallame su. Hadassah ba ta koma gida ba. Washegari da hantsi ta cika.

A zaman makoki, 'yan coci da maƙwabta sun cika tsakar gida, kowa na tsine wa kwaɗayin Madam Theresa. Sai da mutane suka ragu Judith ta juyo ta dubi mijinta, a hankali ta ce:

"Baban Hadassah, wanda ka mayar ɗin nan, ka ga ta zubar da shi?"

Wilson ya rufe fuskarsa da hannu biyu, ya fashe da kuka.

Jama'a, idan kun mayar da kayan abinci saboda sun lalace ko suna warin magani, kada ku tafi don kawai an canja muku. Ku tsaya ku ga an zubar, in an ƙi ku ɗaga murya, domin ba ku san ɗan wa zai ci abin da kuka yi shiru a kansa ba.